Saniyar da Kitsenta Ya Cinye Ta: Nazarin Wani Lamari a Daura

Saniyar ta kwana huɗu da haihuwa aka kira ni. Tsakiyar Afrilu ne, irin bazarar Daura da tun kafin azahar ma'aunin zafi ke haura 40, iska ta tsaya cik, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Garken yana bayan gari ta hanyar Zango. Mai shi tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a kiwon shanun madara, a nan Alhaji kawai zan kira shi. Shanu bakwai gare shi: biyar farare Bunaji, biyu kuma ruwa biyu, uwa Bunaji uba bijimin Firisiya (shanun madara na Turawa), irin haɗin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana aiki a kansa. Babbar cikin ruwa biyun ce ta kwanta.

Na tarar da ita ƙarƙashin rumfa, ta miƙe wuya ta ɗora haɓa a ƙasa. Bahon dusa na gabanta cike, ƙudaje sun baibaye shi. Makiyayin, wani dattijon Bafulatani da kowa ke ce wa Baffa, ya ce dusa ta fara ƙi, sai dai ta ɗan tsinci harawa, jiya kuwa har harawar ta bari, kuma tun shekaranjiya bai ga tana tuƙa ba. Mabiyiya ba ta faɗi ba sai a kwana na uku, ita ma guntu-guntu, a ruɓe. Da na ɗaga wutsiya sai ga ruwa jaja-jaja mai ɗoyi yana ɗiga. Zafin jikinta 39.9, alhali saniya mai lafiya tsakanin 38 da 39.3 take. Kashinta ya bushe, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Na durƙusa daidai hancinta, numfashin ya buge ni da wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, irin na ruwan da mata ke goge jan farce da shi. Duk wanda ya taɓa shaƙar warin nan a bakin saniya ba ya manta shi.

Na ɗigo jini daga jijiyar wutsiya na ɗora a kan ɗan tsinken na'urar auna kiton, wani sinadari da ke taruwa a jini idan jiki na narkar da kitsensa fiye da kima. Ta nuna 3.4. Daga 1.2 ake fara cewa akwai matsala.

Ban da waɗannan duka, abin da ido ya fara gani shi ne ƙiba. Muna auna jikin saniyar madara da maki 1 zuwa 5, wanda ake so ranar haihuwa kuwa 3 ne zuwa 3.5. Wannan, ko bayan kwana huɗu tana ƙin abinci, ta kai 4.5. Na danna tafin hannu a haƙarƙarinta ban ji ƙashi ba. Gindin wutsiya, inda ya kamata a sami ɗan rami hagu da dama, ya cike ya yi tudu.

Yadda aka yi ta kai haka

Madararta ta ja baya tun cikinta yana wata huɗu, sai Alhaji ya ce a daina tatsarta ta huta. Hutun da ya kamata ya zama kwana 60 ya koma wata biyar. A tsawon lokacin nan ba a rage mata ko cokali ɗaya daga abincin da take ci tana ba da madara ba: dusar masara safe da yamma, guryar auduga da ake kawo masa daga Funtuwa, kowar wake, tunkuza idan an samu. Tana ɗaure a turke, tafiyarta ba ta wuce daga rumfa zuwa bahon ruwa. Bunajin biyar kuwa kullum Baffa na kora su kiwo, su yini suna kalar kara a gonaki, su dawo a ba su ɗan abin da ya samu. Wato kiwon turken da ake yi wa san layya shi aka yi wa saniya mai ciki.

Ni ma da nawa laifin. Cikin hunturu na je garken yin rigakafin ciwon huhu, na gan ta, Alhaji yana shafa bayanta yana cewa, "Likita, dubi nan, ai ko a Kano sai an tona kafin a sami irinta." Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, a ɗan sassauta mata dusa." Ya yi dariya, ni ma na yi dariya, aka kawo fura. Na san abin da ƙiba irin wannan ke jawowa, amma kunyar dattijo a gidansa ta hana ni tsayawa a kan maganata. Baffa ne ya raka ni wajen babur yana cewa ƙasa-ƙasa, "Likita, nagge ba rago ba ce." Shi bai karanta ko alif a kan kiton ba, ya dai san bai taɓa ganin alheri a haihuwar saniya mai irin wannan jiki ba.

Kwana takwas na jinya

Na yi mata abin da littafi ya ce. Ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 50, mililita 500 ta jijiyar wuya. Furofilin gilaikol mililita 300 ta baki kowace safiya, wanda hanta ke mayar da shi sukari. Allurar oksitetirasaikilin saboda mahaifa, da maganin zazzaɓi da kumburi, da ruwan kalsiyam. Na hana kowa zura hannu ya jawo sauran mabiyiya. Muka sa aka riƙa yayyafa mata ruwa da rana, aka nemo ɗanyar ciyawa daga masu lambu.

Washegari ta miƙe, ta ci harawa kaɗan, Alhaji ya kira ni yana godiya. Kwana biyu ta sake komawa. A kwana na takwas da haihuwa kan nono ɗaya na baya ya kumbura ya yi tauri, madarar ta tsinke ta koma ruwa da gudaji. Ciwon hantsa ya shigo ke nan, cuta ta uku cikin mako guda. A idonmu take zubewa: haƙarƙarin da ban iya taɓawa ba ran farko ya fara fitowa, amma tumbinta na nan tim. Kwana na sha ɗaya ta kasa tashi ko da mutum huɗu sun tallafa. Da asubar kwana na sha biyu Baffa ya aiko cewa idan ba a cim mata da wuƙa ba mushe za ta yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a makon nan ɗaya daga cikin Bunajin ma ta haihu, a garke ɗaya, ƙasa ɗaya, ƙudaje ɗaya. Ramammiya ce, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Mabiyiyarta ta faɗi kafin la'asar, kwana biyu ta bi 'yan'uwanta kiwo. Ƙwayoyin cuta ba su zaɓi ɗaya sun bar ɗaya ba. Garkuwar ɗaya ce ta tsaya, ta ɗayar ta rushe, kuma wadda ta rushen ita ce ta fi cin abinci.

Abin da wuƙa ta buɗe

Mahaucin da aka kira tsoho ne, ya fi shekara arba'in yana fawa. Da ya farke cikin sai ya dakata, ya ce, "Likita, matso ka gani." Kitsen da ke lulluɓe da tumbi, wanda a saniyar kiwo yake shara-shara kamar mayafi har ana hango tumbin ta cikinsa, a nan ya yi kauri kamar katifa. Ƙoda ba a ganinta sam, sai da ya yanka kitse ya kai tsawon yatsa. Kitsen da ke riƙe da hanji ya yi nauyin da sai da hannu biyu ya ɗago shi. Ya sa babban yatsa yana murzawa, ya nuna mini wasu wurare da suka yi fari fat, gudaji-gudaji masu tauri kamar ɓarɓashin alli. "Wannan ba ya narkewa da kyau," in ji shi, "ko masu kakide ba sa so." Kitse ne da ya mutu tun dabbar na da rai.

Hantar ta kumbura, gefunanta da ya kamata su yi kaifi sun dunƙule, launinta ya koma ruwan ɗorawa. Ya danna ta da yatsa, yatsan ya nutse, wuƙar ta fito da maiƙo. Na yanki ɗan guntu na jefa a kofin ruwa. Hanta mai lafiya nutsewa take yi. Wannan ta taso ta tsaya a sama, abin da ke nuna maiƙon cikinta ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku. Mahaifa cike da ruɓaɓɓen ruwa.

Sai maganar nama. Allurar da na yi mata irin mai daɗewa a jiki ce, ana jira mako uku zuwa huɗu kafin a ci naman, gwargwadon abin da ke rubuce jikin kwalbar, ga shi kuma dafin ciwon mahaifa ya bi jininta. Na ce ba za a kai kasuwa ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Likita, duk naman nan?" Na ce, "Duka, ranka ya daɗe." Wannan karon ban yi dariya ba. Fata kawai aka ɗauka, sauran aka haƙa rami.

Kafin a binne na yanki kitse daga wuri uku, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa kauri ba: na ƙarƙashin fata a gindin wutsiya, na mayafin tumbi, da na hanji. Na jefa a fomalin mai ƙarfin kashi 10, ruwan da ke hana nama ruɓewa. Washegari na sammako kwata, na roƙi irin waɗannan guntaye uku daga wata Bunaji da aka sayo a kasuwar Mai'adua, ramar rani ce kawai a jikinta, ba ciwo. Na aika duka wa wata abokiyar karatuna da ke aikin duba nama da madubin likita a wata jami'a.

Gani ya kori ji

Bayan mako uku na je da kaina. Ta zaunar da ni gaban madubin ta fara da na Bunajin. Wajen shirya naman, giyar asibiti da sauran sinadarai suna wanke maiƙon tas, saboda haka ƙwayoyin kitse suna fitowa fanko, ɗakuna-ɗakuna farare masu siraran bango, sak saƙar zuma. Kowane ɗaki ƙwaya ɗaya ce, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, cibiyarta an matse ta a jikin bango kamar dutsen zobe. A tsakanin ɗakunan, nan da can, sai ka ga ɗigo ɗaya ko biyu masu launin shuɗi. Ta ce waɗannan su ne mazauna lungu: wasu na bangon jijiyoyin jini ne, wasu jariran ƙwayoyin kitse ne da ba su cika ba, wasu kuma ƙwayoyin garkuwa. A Bunajin sai ka yi yawo a filin kafin ka tarar da biyu wuri ɗaya.

Ta canja gilashi zuwa mayafin tumbin saniyar Alhaji. Ɗakunan ba su daidaita ba, wasu manya ƙwarai, wasu sun motse. Lungunan da ke fayau a ɗayar, a nan sun cika da cincirindo. A wurare da dama bangon ɗaki ya rushe, ƙwayoyi sun kewaye shi sun yi zobe, jikinsu cike da ƙananan kumfa. Kumfar nan maiƙo ne da suka haɗiye. Kusa da fararen gudajin da mahauci ya nuna mini kuwa har da wasu ƙatti masu cibiya barkatai, ƙwayoyi ne da suka haɗe jiki guda don abin da za su haɗiye ya fi ƙarfin ɗaya. Kitsen hanji ma haka, bai dai kai na tumbi ba. Na gindin wutsiya shi ya fi sauƙi.

Waɗannan su ne makrofaj, sunan da asalinsa ke nufin babban mai ci. Ni mahaɗiya nake ce musu idan ina yi wa makiyaya bayani. Aikinsu sharar gari: matacciyar ƙwaya, ƙwayar cuta, maiƙon da ya zube, duk su ke kwashewa. Ta gargaɗe ni cewa rinin da ta yi amfani da shi na yau da kullum ne, hematoksilin da iyosin, yana nuna siffa ne kawai. Mai son ƙirge na haƙiƙa sai ya narkar da kitsen, ya ware ƙwayoyin, ya yi wa kowane iri alama, ya bi da su ta na'urar da ke ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da hasken lesa. Amma bambancin gilasan biyu ko ɗan aji ɗaya zai gane shi.

Kitse ba rumbu ba ne kawai

Yadda aka koya mana, kuma yadda kowane mai kiwo ya ɗauka, kitse ajiya ce: a tara da damina, a ci da rani. Gaskiya ne, amma rumbun nan da masu gadi a cikinsa, kuma mahauta sun riga mu sani ba tare da sun sa masa suna ba. Duk mai fiɗa ya san kaluluwa cikin kitse take ɓuya, a gaban kafaɗa, a matsematsi, da jeri guda a kitsen hanji. Tun 1874 wani masani Bafaranshe, Ranvier, ya bayyana wasu ɗigo-ɗigo farare kamar madara a mayafin tumbi, waɗanda daga baya aka gane sansanonin ƙwayoyin garkuwa ne. A 1906 wani likitan tiyata na Ingila, Rutherford Morison, ya laƙaba wa mayafin suna ɗan sandan ciki, saboda yadda yake zuwa ya liƙe duk inda hanji ya huje ko ya ruɓe.

Abin da ya juya tunanin masana shi ne aikin ɓeraye. A 1993 Gokhan Hotamisligil da abokan aikinsa a Harvard suka nuna kitsen ɓera mai ƙiba yana fitar da wani sinadarin kumburi, TNF-alfa, wanda ke hana insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yin aikinsa. Shekara goma bayan nan, a 2003, masu bincike a Jami'ar Kolumbiya da ke New York suka gano inda akasarin sinadarin ke fitowa: mahaɗiya ne da suka yi dafifi a kitsen. A siririn ɓera ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin wurin ba, a mai tsananin ƙiba suna haura kashi 50. A 2010 kuma ɗakin binciken nan ya ƙaro wani abu da ya fi shafar saniyarmu: ba taruwar kitse kaɗai ke kiran mahaɗiya ba, narkewarsa da sauri ma na kiransu. Ɓeran da aka hana abinci, mahaɗiya na tururuwa zuwa kitsensa don kwashe maiƙon da ke malala.

Saniyar Alhaji ta haɗa biyun. Wata biyar tana tarawa, sannan ta narkar cikin kwana goma.

Dalilin narkewar sananne ne. Saniya ba ta samun sukari kai tsaye daga abinci sai ƙalilan, hantarta ce ke ƙera shi daga abin da ƙwayoyin tumbi suka dafa. Ranar da ta haihu, hantsa ta fara zuƙar sukari don yin dakashi da madara, kowace lita na cin fiye da giram 70. Jinin Firisiya da ke jikinta ba ya barin hantsa ta sassauta ko abinci ya yi kaɗan. Saniya mai ƙiba kuma ta fi siririya yanke cin abinci dab da haihuwa, ga zafin bazara ya ƙara mata ƙyuya. Giɓin da ya samu, kitse ne ke biya. Maiƙo ya narke ya kwarara jini, kuma na mayafin tumbi da na hanji ba ya zagaya jiki: babbar jijiyar da ke kwasar jini daga hanji tana juye shi kai tsaye a hanta. Hantar dabba mai tuƙa kuwa ba ta da ƙwazon fitar da maiƙo. Wani ta ƙone shi rabi da rabi ya zama kiton, shi ne warin da na shaƙa, sauran ya taru a cikinta har ta iya tasowa a kofin ruwa.

A nan ne mahaɗiya ke shigowa, kuma da niyyar gyara suke zuwa. Akwai masu zaman lafiya a cikinsu, masu kwashe shara su lallashi nama ya warke, akwai kuma masu faɗa, masu fesa TNF-alfa da 'yan'uwansa. Idan maiƙo ya yi yawa kuma ƙwayoyin kitse na mutuwa, rinjaye sai ya koma wajen masu faɗa. Sinadaran da suke fesawa suna toshe wa ƙwayar kitse kunne daga insulin, alhali insulin shi ne birkin da ke tsayar da narkewa. Birki ya lalace, maiƙo ya ƙaru, ya kira ƙarin mahaɗiya, su ma su ƙara lalata birkin. Waɗannan sinadaran dai su ke kashe sha'awar abinci. Shi ya sa gulukos ɗin da na ɗura mata ya tashe ta kwana ɗaya rak: na zuba ruwa a randa, ban toshe hudar ba.

Yaƙin nan ba kyauta ake yin sa ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Jihar Ayowa ta Amurka suka auna cewa garkuwar saniyar madara, idan ta tashi haiƙan, tana cinye fiye da kilo ɗaya na gulukos cikin awa 12. Sukarin da hantsa ke ja, shi garkuwa ke ja, hantar da za ta ƙera shi kuma ta toshe da maiƙo. Sannan kiton da narkakken maiƙo da ke yawo a jini suna sanyaya wa nutrofil gwiwa, su ne fararen ƙwayoyin jini da ke fara isa duk inda cuta ta ɓulla. Mabiyiyar saniya maɓallai ne kusan ɗari ke riƙe da ita a jikin mahaifa, kuma ƙwayoyin garkuwa na cikin masu ɓalle su bayan haihuwa. An daɗe da tabbatar da cewa shanun da mabiyiya ke maƙale musu, nutrofil ɗinsu ya yi rauni tun kafin naƙuda. To ga jerin yadda ya faru a gabanmu: mabiyiya ta maƙale, mahaifa ta ruɓe, hantsa ta kamu. Cuta uku muka yi ta bi da allura, tushensu ɗaya.

A shanu kansu an duba. A 2015 Andres Contreras da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Mishigan suka ɗebi kitse daga shanun da tumbinsu na huɗu ya goce bayan haihuwa, ciwon da ke tafiya tare da narkewar kitse mai tsanani, suka tarar mahaɗiya sun yi cincirindo, musamman a mayafin tumbi, fiye da na shanu masu lafiya. Shekara uku kafin nan, a 2012, masu bincike a Jami'ar Bonn ta Jamus sun duba kitsen karsanai 'yan haihuwar fari masu lafiya, ba su sami mahaɗiya ba sai jefi-jefi. Wasu na kawo waɗannan biyu kamar sun saɓa wa juna. Ni ban ga saɓani ba, gilasaina biyu na gani: saniyar da ke zarar ajiyarta a hankali ba ta tara jama'a, wadda rumbunta ya fashe ita ke tarawa. A 2019 da 2020 kuma wasu a Jami'ar Porto ta Fotugal suka bi kitsen hanji da na ƙarƙashin fata na shanun madara na Holstin dalla-dalla, suka sami mahaɗiya da nutrofil da wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, iri-iri, kuma haɗin wuri ɗaya ya bambanta da na ɗayan. Cikin ƙwayoyin T ɗin har da irin da ake kira gamma-delta, waɗanda a jinin mutum 'yan tsiraru ne, amma a ɗan maraƙi suna iya kai rabin limfosait ɗin da ke jininsa, wato dangin fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin T ke cikinsa. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum kwaso sakamakon ɓera ya ɗora wa saniya kai tsaye.

Gwajina ba adalci a cikinsa, na sani: ɗaya ruwa biyu ce mai jego, ɗaya Bunaji ce ba ciki ba goyo, saniya ɗaya kuma ba ta kafa hujja. Abin da ya koya mini dai shi ne in daina jin tsoron rama kamar yadda nake ji a da. Bunaji kowace shekara tana ƙiba da kaka ta rame da bazara, tozonta ya tsaya ya kwanta, amma cikin wata biyar ko shida take zarar kitsen, kuma idan abinci ya yi ƙaranci madararta ce ke raguwa. Ruwa biyun ba ta da wannan dabara. Saurin narkewa shi ne haɗarin, kuma gwargwadon tarin da aka shiga haihuwa da shi, gwargwadon saurin. Masu sayen shanun Turawa a ƙasar Daura da Katsina suna ƙaruwa, akasarinsu kuma da idon kiwon layya suke shigowa, inda ƙiba ita ce riba.

Ta biyu

Ƙanwarta, ɗaya ruwa biyun, tana da cikin wata huɗu a lokacin, ana kan tatsarta, makinta ya doshi 4. Alhaji da ya ji bayani sai ya ce a yanke mata dusa gaba ɗaya. Na hana, don saniya mai tsohon ciki idan aka sa ta yunwa, narkewar da muke gudu ita za a tayar tun kafin haihuwa. Gyaran jiki lokacin tatsa ake yin sa. Muka rage dusa da gurya kaɗan-kaɗan cikin mako shida, muka ƙara harawa da kara, aka ci gaba da tatsa har saura kwana 60. Aka kwance ta daga turke, Baffa na fita da ita da sanyin safiya tare da Bunajin ya dawo da ita kafin rana ta take. Saura mako uku haihuwa muka fara mayar da dusa sannu a hankali don tumbi ya saba. Duk mako biyu ina zuwa in danna haƙarƙari da gindin wutsiya, na koya wa Baffa shi ma, ko da yake ina zargin shi ya fi ni iyawa, biye mini kawai yake yi.

Ta haihu cikin Satumba da maki 3.25, damina ta sauƙaƙa mana zafi da ɗanyar ciyawa. Mabiyiya ta faɗi cikin awa biyar. Na auna kiton a kwana na biyar na sami 0.9, a na sha biyu 0.7. Ba ta ƙi abinci ko sau ɗaya ba.

Marayan maraƙin waccan kuwa ramammiyar Bunajin nan ce ta shayar da shi tare da nata. Alhaji har yanzu bai gamsu da surar ƙanwar ba. Ranar da surukansa suka zo daga Katsina ganin garke, Baffa ya ce mini tun da safe ya sa aka kai ta bayan rumfa aka ɗaure, wai kada baƙi su ga ƙashin ƙugunta su ce ba ya ciyar da dabbobinsa.